Farfesa Kaikaitacce da Harshe na Arba'in da Ɗaya

Allah ya yi wa jami'ar nan baiwa iri-iri, amma babu wadda ta kama ƙafar Farfesa. Wannan ba zancen 'yan bakin titi ba ne. Farfesan ne da kansa ya faɗa, kuma shi mutum ne da ba ya furta magana sai ya yi bincike.

Shekara talatin da ɗoriya yana koyar da nahawu, kuma a duk faɗin nahawun abu guda ya kama ya riƙe gam, wato kaikaitaccen karɓau. Kada sunan ya razana ka. In aka ce manomi ya ba wa yaro akuya, manomi ne ya yi aikin, akuya ce aka miƙa, yaron nan da ya tashi da akuya a sama shi ne kaikaitaccen karɓau. Karatun ke nan gaba ɗayansa. Mara ilimi zai gama bayaninsa a numfashi ɗaya, Farfesa kuwa littafi uku ya rubuta a kai, na huɗu yana hanya.

Ɗalibai suna kiransa Kaikaitacce a bayan idonsa. Labarin ya kai kunnensa tun tuni, ya kuwa karɓi sunan hannu bibbiyu, don a ganinsa ba kowane malami ake kira da sunan fagensa ba. Gajere ne mai tumbi, da tabarau a ƙarshen hanci, da biro uku a aljihun gaba, kowanne da launinsa. In zai shiga aji, tun daga ƙasan bene yake gyaran murya, domin ilimi ya san mai shi yana tafe.

Allon sunansa na ƙofar ofis bai ɗauke digirorinsa ba, sai da kafinta ya ƙara wani katako a ƙasa. A ciki akwai fanka mai kuka, da kabad cike da littattafansa waɗanda duniya ba ta gama shirin saya ba, da hotunansa yana gaisawa da manyan mutane, yawancinsu suna kallon wani wajen. Amma abin da ake zuwa gani shi ne taswirar duniya da ta cinye bango guda. An sossoke ta da allurai masu jan kai, kowace allura harshe ne da Farfesa ya ci da yaƙi. Allura arba'in da ɗaya ce.

Duk wanda ƙaddara ta kai shi ofishin, ko takarda ya kawo a sa hannu, ko ɓatan ƙofa ya yi, sai ya tsaya gaban taswirar ya sha karatu.

"Duba nan," in ji Farfesa, yana nuni da jan biro. "Mutanen Rasha wutsiyar suna suke lanƙwasawa, sai ka gane wa aka ba. Jamusawa kuwa 'yar kalmar da ke gaban sunan ce ke shan wahalar. Mu a nan 'wa' da 'ma' ne ke mana dakon aikin. Duniyar nan kaf, yaro, bayarwa ce da karɓa. Wanda ya san wanda aka yi wa abu ya san harshe. Wanda ya san harshe ya san ɗan Adam. Ni kuwa arba'in da ɗaya na sani, sai ka yi lissafi da kanka."

Yadda Farfesa ke cin harshe da yaƙi abin koyi ne. Ba ya ɓata lokacinsa wajen koyon gaisuwa, ko neman ruwan sha, ko tambayar hanya, wannan aikin 'yan yawon buɗe ido ne. Shi kai tsaye yake dosar zuciyar harshen. In ya ji an yi baƙo a gari, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko injiniyan da ya zo gyaran wata na'ura, sai ya sa a nemo masa shi. Ya zaunar da shi, ya ba shi shayi, ya tambaye shi yadda ake cewa manomi ya ba wa yaro akuya a garinsu. Daga nan sai a mayar da yaron yara, a mayar da manomin manoma, akuyar ta hayayyafa ta zama awaki. Farfesa ya haddace tsaf, ya sallami baƙo, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko allura.

Wata rana gidan rediyo ya gayyace shi hira. Mai gabatarwa, cikin rashin sanin girman wanda ke gabansa, ya tambaye shi harsuna nawa yake ji.

"Ji?" in ji Farfesa. "Ji ai na gama-garin mutane ne. Ni fiɗa nake musu, in buɗe cikinsu in ga abin da ke motsi."

Sannan ya gyara zama ya jero jimlar nan tasa, harshe bayan harshe, ba tsayawa ba kurɓar ruwa, har lokacin shirin ya ƙare aka ci na labaran duniya. Masu sauraro sun ɗauka hikimomin al'ummai daban-daban yake kwararowa. Babu wanda ya san akuya guda ce ke ta zagaya duniya. Daga ranar ko mai aski sai ya rusuna kafin ya taɓa kansa.

Da aka tambaye shi wanne ya fi kwanta masa a rai, sai ya lumshe ido. "Na arba'in da ɗaya," ya ce. "Harshen wasu mutane ne a tsallaken teku, can cikin duwatsu masu ƙanƙara. In ina magana da shi sai in ji kamar da shi aka raine ni." Ya samo shi ne a wurin wani makanike da ya zo kafa wa asibiti janareto, a wata la'asar guda, mutumin kuma yana fama da ciwon haƙori.

A gida ne kawai hasken bai gama isa ba. Uwargida ta san shi tun yana ƙaramin malami mai keke, saboda haka har yau da tsohon ido take kallonsa. In ta ce, "Baban yara, ka sayo mini maganin ƙafar nan?" sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Kin ji 'mini' ɗin nan da kika faɗa? Babi guda na rubuta a kansa." Maganin dai sai ta roƙi maƙwabciya. Famfon kicin ya shekara yana ɗiga, ƙofar banɗaki da dutse ake tokare ta, duk an ajiye masa su sai ya yi ritaya. Ritayar kuwa ta iso bakin ƙofa, saura 'yan watanni.

Abin da ke cin ran Farfesa ke nan. In ya tuna wata safiya za ta zo da zai yi gyaran murya babu mai miƙewa, sai famfo da ƙofar banɗaki suna jiransa, sai ya ji abinci ya fita kansa. Tsoron nan na gaske ne, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ana cikin haka mafita ta tsiro a tsakiyar jami'a. Aka fara ginin Cibiyar Harsuna, bene hawa uku, gaba duk gilashi. Wanda aka naɗa Daraktanta zai sami ofis a hawan ƙarshe, da kujera mai juyawa, da banɗakinsa na kansa, da mota da direba, kuma babu ruwansa da dokar ritaya. Farfesa bai taɓa shakkar wanda aka gina wa wannan ofis ba. Tun siminti bai bushe ba ya hau da abin awo ya auna bangon da taswira za ta zauna, ya gaya wa masu fenti launin da ya fi so, ya kuma sa kafinta ya sassaƙa sabon allo, wannan karon mai faɗi.

Sai dai ana raɗe-raɗin sunan wata Dakta, tsohuwar ɗalibarsa, wadda ba ta da aiki sai koya wa yara yin magana da harsuna ukun da ta iya.

"Uku!" in ji Farfesa a ɗakin shan shayi na malamai. "Yarinyar nan ni na koya mata riƙe alli. Magana take yi da harshe, irin ta masu sayar da kaya a tasha. Ko aku ai yana magana. Cibiya irin wannan ƙwaƙwalwa take buƙata, kuma ba sai na faɗi inda ƙwaƙwalwar take ba."

Wanda zai yanke hukunci shi ne Shugaban jami'a, mutum mai haƙuri da ciwon kai. In ya jiyo gyaran muryar Farfesa a matakala, nan take yake tuna yana da taro a wani gari, ya sulale ta ƙofar baya. Farfesa ya lura da haka, ya kuma gane dalili. Kwarjini ne, ba kowa ke iya jure shi ba.

Mai kuɗin ginin wani dattijo ne attajiri daga tsallaken teku, haifaffen wani ƙauye a cikin duwatsu, wanda ya sauko ya yi arziki da jiragen kamun kifi. Sharaɗinsa ɗaya ne, a riƙa koyar da harshen iyayensa a Cibiyar, domin masu jinsa suna ta ƙarewa. Da aka faɗi sunan harshen a taron malamai, Farfesa ya miƙe ya zagaya teburin sau biyu. Na arba'in da ɗaya ne. Aka kuma ce dattijon zai zo da kansa ya ga ginin, tare da jikarsa wadda ke masa tafinta, don shi ba ya jin kowane harshe sai nasa. Wannan ya ƙara kwantar wa Farfesa da hankali. Zai tashi ya harba jimlarsa sau ɗaya, a yi tafi, ya zauna, yarinya ta ci gaba da ƙananan ayyuka.

Baƙi suka iso lafiya. Amma da safiyar ranar da za a yi babbar liyafar, jikar ta tashi da ciwon ciki, wani abu ta ci da bai karɓe ta ba. Likita ya duba ta a otal ya ce ko ƙofa kada ta taka. Shugaba ya tara manyan malamai a ofishinsa yana share gumi, ga 'yan jarida an gayyato, ga abinci a kan wuta. Dakta ta ce a ɗaga taron har yarinyar ta warware. Sai wani shugaban sashe ya ce, "Ina dalilin ɗagawa, ga Farfesa a zaune?" Duk ɗakin ya juyo.

Da wani ne, da ya kama maƙogwaro ya ce mura ta shaƙe shi, a wuce wurin. Har Farfesa ya ɗaga hannu zai kai wuya, sai idonsa ya faɗa kan Dakta. Kallonsa take da tausayi, irin na wadda ta daɗe da sanin abin da ke cikin tukunyar. Zagi zai iya haɗiyewa, amma tausayin ɗalibarsa ya fi ƙarfin maƙoshinsa.

"Ƙaramin aiki," ya ce, ya mayar da hannun kan tabarau. "Ku bar yarinya ta huta."

A babban ɗakin cin abinci na jami'a aka shirya dogon tebur da farin ƙyalle, da kujerun ƙarfe masu nauyi, da makirufo mai yawan ƙara. Aka shigo da dattijon yana dogara sanda, farin gashi har wuya, ƙafafunsa cikin takalmin yadi mai laushi irin na tsofaffi. Aka zaunar da shi tsakanin Shugaba da Farfesa. Ya dudduba fuskokin da ke masa murmushi, ga alama yana neman wadda zai iya ce wa wani abu.

Farfesa ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya dafa ƙirji, ya sanar da baƙon cewa manomi ya ba wa yaro akuya.

Dattijon ya zaro ido. A ƙasar da ko sannu ba ya ganewa, ga wani gajeren mutum yana magana da bakin mahaifiyarsa. Ya fashe da dariya, ya rungumi Farfesa, ya buɗe baki ya kwararo zance mai tsawo kamar an fasa tulu. Ɗakin ya kaure da tafi. Shi kansa Shugaba sai da ya kalli Farfesa da sabon ido.

"Me ya ce?" in ji Shugaba.

Ko kalma guda Farfesa bai tsinta ba, don babu manomi a ciki, babu akuya. Amma tafin ya riga ya shige shi.

"Ya ce ya yi farin ciki," in ji shi. "Ya ce lafazina ya fi na mutanen babban birninsu tsafta."

Shugaba ya tashi ya yi jawabin maraba mai tsawo, yana tsayawa bayan kowace gaɓa don a fassara. Farfesa bai ba da kunya ba. Da Shugaba ya yi godiya a kan ginin, sai ya juya ya gaya wa baƙo cewa manoma sun ba wa yaro akuya. Da ya kawo tarihin jami'a, manomi ya ba wa yara awaki. Da ya zo kan zumuncin ƙasashen biyu, manoma da yawa suka ba wa yara da yawa awaki da yawa, Farfesa yana ɗaga murya yana saukewa, yana buɗe hannuwa. Da fari dattijon yana gyaɗa kai. Can sai ya fara leƙen taga, ko zai hango dabbobin da ake ta rabo. Ya yi wata gajeriyar tambaya.

"Ya ce gilashin ya burge shi," in ji Farfesa.

Aka kawo shinkafa da kaza. Mai hoto ya zo ya ce manya su ɗan matso. Farfesa ya ɗaga kujerarsa ya matsa har kafaɗarsa ta haɗu da ta baƙo, ya zauna daram, ya gyara biro ukun nan, ya miƙa wa kamara ɓangaren fuskarsa da ya fi so. Hasken kamara ya walƙa. Kafin ya gama murmushin, sai ya ji dattijon ya damƙi hannunsa da ƙarfin da ba a zaci tsoho yana da shi ba. Magana yake da sauri, murya tana rawa, idanunsa sun kawo ruwa.

Farfesa ya ji wani abu ya taso masa tun daga tumbi har ƙeya. Ashe dai gaskiya ne. Ashe shekara talatin ɗin nan ba a banza ta tafi ba, ga attajiri guda yana kuka a kafaɗarsa. Ya jawo makirufo da hannun da ya rage masa.

"Ya ce tun da ya bar ƙauyensu babu wanda ya taɓa masa zuciya kamar ni."

Aka yi tafi. Dattijon ya ƙara matse hannun, hawaye ya gangaro.

"Ya ce littattafaina ukun nan, da su suke hira a garinsu lokacin sanyi."

Aka ƙara tafi. A nan ne wata dabara ta faɗo wa Farfesa, wadda har yau in ya tuna ta sai ya ciji yatsa. Zai iya cewa kai tsaye baƙo ya ce a ba shi Cibiyar, amma wannan zai yi kama da roƙo, kuma babba ba ya roƙo. Ya sha ganin yadda mai sayar da mota ke yi, in ciniki ya yi sanyi sai ya ce akwai wani mai saye yana hanya. To bari Shugaba ya ji za a ƙwace masa kayansa mafi daraja. Zai zabura ya ce ina, wannan ai Daraktanmu ne, ba mu bayarwa. A gaban 'yan jarida, a gaban Dakta, magana ta ƙare.

"Ya ce," in ji Farfesa, yana jan kowace kalma, "in jami'ar nan ba ta san abin da Allah ya ba ta ba, shi ya sani. Ya ce yana roƙon a ba shi aron ni, shekara biyu, in je in zauna cikin mutanensa a ƙauyensu. Ya ce ba zai saki hannuna ba sai an amsa masa."

Ya jingina, ya harɗe ƙafa, yana jiran Shugaba ya zabura.

Shugaba kuwa ya ajiye cokali a hankali. Wani haske ya sauko a fuskarsa wanda ma'aikatan ofishinsa ba su taɓa gani ba. Ya miƙe, ya karɓi makirufo.

"Jama'a, kun ji da kunnenku," ya ce. "Bawan Allah ya tsallako teku, ya gina mana bene hawa uku, bai nemi komai ba sai abu guda, shi ma da hawaye. Wane irin mutane za mu zama in muka hana shi? Rashin Farfesa babban rashi ne, amma za mu daure. An ba shi! Cibiya kuwa, Dakta za ta riƙe."

Tafin da aka yi a wannan karon har masu raba abinci sun ajiye faranti sun sa hannu. Farfesa ya miƙe zumbur don ya gyara zance. Yana miƙewa dattijon ya saki hannunsa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ɗaga hannuwa sama.

"Wannan kam ko ni na fassara," in ji Shugaba. "Godiya yake yi."

Washegari Farfesa ya hau matakalar ofishin Shugaba ba tare da gyaran murya ba. Bai ma buƙaci hakan ba, don a karon farko Shugaba bai tuna da wani taro ba. Da kansa ya tarbe shi a ƙofa, ya sa aka kawo shayi.

"Ranka ya daɗe," in ji Farfesa, "maganar dattijon nan tana da 'yar lanƙwasa. Ka san harsunan duwatsu, akwai zurfi. Mai yiwuwa ba zama can yake nufi ba kai tsaye."

"Kana nufin ba ka ji shi da kyau ba?" in ji Shugaba. "In haka ne faɗa mini, yanzu in kira 'yan jaridar nan su dawo a gyara."

Farfesa ya kalli silin, ya kalli kofin shayi. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da zama a gida, amma kalmar za ta tafi da allura arba'in da ɗaya.

"Na ji shi sarai," ya ce.

"Madalla. To ka nemi rigar sanyi mai kauri."

Fatansa na ƙarshe jikar ce. Da ta warware aka sake zama a ofishin Shugaba, Farfesa ya zauna a gefe yana addu'a biyu masu karo da juna, Allah ya sa dattijon ya musa, Allah kuma ya sa kada ya musa. Shugaba ya ce wa yarinyar ta gaya wa kakanta an amsa roƙonsa, ga Farfesa nan an ba shi shekara biyu. Ta faɗa masa. Dattijon ya kalle ta, ya kalli Farfesa, suka yi doguwar magana ƙasa-ƙasa, ita tana cije leɓe. A ƙarshe tsohon ya ɗaga kafaɗa.

"Kakana ya gode," ta ce. "Ya ce a wurinsu ba a mayar da kyauta. Akwai ɗaki a gidan ƙanwarsa a ƙauyen. Ni a birni nake aiki, ba zan riƙa zuwa ba, can kuma babu mai jin wani harshe sai namu. Amma Baba Farfesa ai gida zai je, tunda yana jin harshenmu."

Takardun tafiya da kan ɗauki watanni, Shugaba da ƙafarsa ya bi su, aka gama kafin baƙi su ɗaure kaya. Uwargida ta haɗa masa akwati tana 'yar waƙa. "Baban yara, ka ga yadda Allah ke ɗaukaka bawansa," ta ce, kuma a ranar ta kira mai gyaran famfo. Dakta ta zo sallama har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa wani ɗan littafin koyon gaisuwa na 'yan aji ɗaya, cikin waɗanda baƙin suka kawo wa Cibiyar. Ya karɓa da yatsa biyu, ya ce zai duba a hanya ya gyara musu kurakurai.

A zauren jiran jirgi Farfesa ya zauna cikin ƙatuwar rigar sanyi da tsakar rana, gumi yana bin wuyansa. Can ɗaya ɓangaren aka ajiye dattijon a keken marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji. Ofis ya tafi, mota da direba sun tafi. Abu ɗaya ya rage wa Farfesa da yake jin ɗuminsa a zuciya, wato hawayen nan. Ko me ya faru, shi ne ya sa attajiri kuka a bainar jama'a, kuma ba kowane malami ke iya haka ba. Ya ga bai kamata ya hau jirgi bai san ainihin kalmomin ba. Ya yafito jikar da hannu.

"'Yata," ya ce, "ranar nan makirufo ya yi ta ƙara, wasu 'yan kalmomi sun kuɓuce mini. Lokacin da kakanki ya riƙe hannuna yana hawaye, me ya ce a ƙarshe-ƙarshen nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ai magana ɗaya ya yi ta maimaitawa. Cewa yake ka ɗaga kujerarka, ta danne masa babban yatsan ƙafa."

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Daidai," ya ce. "Gwada ki nake."

"Na gode, Baba. Ya kuma ce in roƙe ka, in mun shiga jirgi, ka zauna ta can baya."